Filin Ƙwallon Lambu na Ikoyi, Tsohon da Ake Rainawa

A duk majalisar da 'yan ƙwallon lambu, wato golf, suka zauna a Kaduna ko Abuja, idan hira ta kai ga jera filayen wasa na Najeriya, na IBB da ke Abuja ake fara ambata saboda tuddansa da tafkunansa da tsawonsa. Masu son tarihi sukan kawo na Rayfield da ke Jos, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1913, masu bin sabon yayi kuma su yi ta yabon Lakowe da ke kan hanyar Epe. Filin Ikoyi kuwa sai an kusa tashi ake tunawa da shi, kuma abin da ake faɗa a kansa bai cika wuce cewa babu tudu babu gangare ba, gajere ne, sannan wani Bature ya taɓa yi masa cin kaca a 1981 har labarin ya zaga duniya. Na daɗe ina jin wannan hukunci daga bakin mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka ciyawarsa ba, shi ya sa da wata hidima ta kai ni Legas a watan Janairu, kuma Yaya ya ce zai shigar da ni a matsayin baƙonsa, ban yi wata-wata ba na haɗa jakar sandunana da kayan tafiya.

Yaya ɗan wan mahaifina ne. Ya shafe yawancin rayuwarsa yana harkar fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, amma ya ƙi barin Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin da fataucin goro da jirgin ƙasa suka haɗa garin da Arewa. Muna idar da sallar Asuba muka kama hanya, domin wanda ya bari rana ta fito masa a Agege to walaha za ta same shi a cikin cunkoso. Mun hau gadar Third Mainland, wadda aka kammala a 1990 kuma tsawonta ya kusa kilomita 12, gari bai gama wayewa ba, gidajen Makoko na tsaye a kan turakunsu a hannun dama, masunta kuma sun riga sun fito da kwalekwale. Da muka sauka Ikoyi muka wuce tsohuwar sakatariyar tarayya, wadda aikinta ya ƙare tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991, jim kaɗan kuma sai ga bishiyoyin filin.

Ikoyi unguwar Turawan mulki ce tun asali, kuma kulob ɗin da ke riƙe da filin ya samu sunansa, Ikoyi Club 1938, daga shekarar da aka haɗe kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golf na Legas suka zama abu guda. Na mambobi ne, baƙo ba ya shiga sai da wanda ya tsaya masa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda rami 18 suka tsira a tsakiyar unguwar da ƙafa ɗaya ta ƙasa ke da tsadar da ba a cika samun irinta a Najeriya ba. Dogayen benaye sun kewaye filin ta kusan kowace fuska, amma da zarar mutum ya yi 'yan taku zuwa cikin bishiyoyi, sai ƙarar motoci ta koma wani guna-guni daga nesa.

Mu uku ne za mu buga: ni da Yaya da wani matashi ma'aikacin banki, ɗan abokin Yaya, mai faɗin kafaɗa da sanduna sababbi ful. Kadin da aka haɗa ni da shi, wato mai ɗaukar jakar sanduna, dattijo ne siriri mai furfura a gemu, haifaffen Obalende, wanda kakansa ya zo Ikko aikin soja daga ƙasar Katsina bai koma ba. Hausarsa garau take, sai dai jefi-jefi kalmar Yarabanci kan faɗo a ciki. Bayan mun gaisa ya zazzage jakata, ya ƙirga sandunan ya tabbatar ba su wuce 14 da doka ta yarda ba, ya duba fuskar kowace ɗaya don ya ga inda ta fi cinyewa, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, a burawun ka koyi wasa ko?" Burawun shi ne yashin da ake daddaɓewa a kewayen rami maimakon ciyawa. Na ce, "Haka ne, Malam. Yaya aka yi ka gane?" Ya ce ai sandunan da nake tura ƙwallo da su a ƙasa sun fi na ɗagawa sama shan wahala, kuma hakan zai yi mini amfani yau fiye da yadda nake zato.

Duban farko ba ya ba mutum tsoro, kuma a nan rainin ya samo asali. Ƙasar a shimfiɗe take, babu kwazazzabon da za a tsallake, babu dutsen da za a haura, ana iya tafiya da ƙafa daga farko har ƙarshe ba tare da numfashi ya sauya ba. Feyawe, wato askakken layin ciyawar da ke tsakanin wurin bugun farko da girin (lallausar ciyawar da rami da tutarsa suke ciki), yana kwance ne tsakanin layuka biyu na manyan itatuwa, kuma ido yana gaya wa mutum cewa abin da ake buƙata kawai shi ne a buga a miƙe. Sai da muka buga ramuka kaɗan na lura cewa ƙwallo biyu za su iya kwanciya a kan feyawe guda, nisansu ɗaya daga tuta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taku goma ba, amma mai ɗaya yana kallon girin a buɗe, mai ɗayar kuwa reshe ya tare masa sama, gurbin yashi ya tare masa ƙasa. Dukkansu sun buga a miƙe, amma ɗaya ne kawai ya buga inda ya dace.

Masu tsara filayen wannan wasa sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan wannan batu. Akwai tsarin horo, wanda ke jera guraben yashi da ruwa a dama da hagu don hukunta duk wanda ya kauce, hanyar tsira guda ɗaya ce kuma kowa yana ganinta. Akwai kuma tsarin dabara, wanda ke ɗora haɗarin a daidai wurin da ɗan wasa ke kwaɗayin ajiye ƙwallonsa, ya bar masa wata faffaɗar hanya a gefe, amma ya sa wanda ya bi faffaɗar hanyar ya biya kuɗin tsirarsa a bugu na gaba. Uwar wannan tsari ita ce tsohon filin St Andrews da ke Sikotilan, inda adadin rami 18 ya samo asali a 1764. A farkon ƙarni na 20, wasu mambobin kulob ɗin Woking da ke kusa da Landan su biyu, John Low da Stuart Paton, suka kwaikwayi rami na 16 na St Andrews, suka haƙa gurbin yashi a tsakiyar feyawe na raminsu na 4, alhali layin dogo na bin gefen dama. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ratsa tsakanin yashin da layin dogon, girin ya buɗe masa. Wanda ya kauce hagu ya tsira, amma ya gamu da bugu na biyu mai wuya. An yi ta cece-kuce a lokacin, domin mutane ba su saba ganin an hukunta bugun da ya tafi tsakiya ba. Daga baya Alister MacKenzie, likitan da ya ƙware a dabarun ɓad da kama na soja kafin ya koma tsara filaye, ya kai wannan tunani Amurka, inda shi da shahararren ɗan wasa Bobby Jones suka shimfiɗa filin Augusta a farkon shekarun 1930 da guraben yashi ƙasa da 30. A ganinsa fili nagari shi ne wanda gwani zai sha wuya a cikinsa, mai rauni kuma ya samu hanyar lallaɓawa ya kai gida ba tare da ya zubar da ƙwallaye ba.

Na kawo wannan tarihi ne domin shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora Ikoyi a kai, ba tsawon yadi ba. Ramin da ya fi bayyana mini haka gajere ne, mai ƙa'idar bugu 4 (adadin da ake sa ran gwani zai jefa ƙwallo rami da shi), wanda ke lanƙwasawa hagu, da wata ƙatuwar bishiya tsaye a daidai gwiwar lanƙwasar. Na miƙa hannu zan zaro direba, sandar da ta fi kowace kai ƙwallo nesa, sai Malam ya dafe bakin jakar ya ce, "Alhaji, kafin ka ɗauka, dubi tuta tukuna." Ta tsakanin rassa na hango ta can a kusurwar hagu ta girin, a bayan gurbin yashi. Ya ce, "Yau tuta tana hagu, saboda haka ƙofar girin tana dama. Idan ka yanke gwiwa ka faɗi hagu, ka kusa, amma yashi na tsakaninka da rami, kuma ba ka da filin da ƙwallo za ta gudu. Ɗauki ƙarfe mai lamba 5, ka ajiye ta dama, kusa da inuwar mangwaron can, amma kada ka shiga ƙarƙashinsa." Na bi maganarsa. Ƙwallona ta tsaya nesa da girin fiye da yadda raina ya so, sai dai da na isa wurin na ga tsawon girin ɗin gaba ɗaya a shimfiɗe a gabana, babu abin da ya gitta, har ina iya tura ƙwallon a ƙasa ta gangara da kanta.

Matashin namu kuwa ya ɗauki direba ya yi bugun da duk wanda ya gani sai ya yaba. Ƙwallon ta tsallake kan bishiyar, ta sauka ta bar shi da 'yar tazarar da ba ta kai yadi 50 ba. Amma wannan ita ce tazarar da 'yan wasa suka fi ƙi, domin ta yi kaɗan a yi cikakken bugu, ƙwallo ba ta samun juyin da zai tsayar da ita, ga yashi a gaba, ga tuta manne da bakinsa. Ya ɗaga ta da kyau, ta sauka bayan tuta ta zarce har ƙarshen girin, ya ƙare da bugu 5, ni da na taho ta doguwar hanya na tashi da 4. Ya juyo yana dariya ya ce, "Kawu, wannan ai zalunci ne, na fi ka bugu amma ka fi ni ci." Yaya ya ce masa, "Kai ka buga wa ƙwallo, shi ya buga wa fili." Abin da ya sa na kira wannan rami nagari shi ne bugun yaron ba wauta ba ne. Da tuta tana dama a ranar, shi ne da riba, ni kuma in zama wanda ya yi asarar yadi a banza. Ramin guda ne, amma mai sauya wurin tuta da safe yana sauya tambayar da ake yi wa ɗan wasa, kuma filin da aka gina a kan horo kawai ba ya iya yin haka.

Daga nan na fara lura da yadda Malam ke lissafi. Ba ya farawa daga inda muke tsaye, daga tuta yake farowa ya dawo baya: ta wace kusurwa ake shiga girin, daga wane gefen feyawe ake samun wannan kusurwa, wace sanda ce za ta kai mu gefen ba tare da ta zarce cikin itatuwa ba. Haka gwanin dara ke yi, ba ya ajiye ɗa sai ya hango inda na uku zai zauna. A kan girin ma idonsa daban ne. Da yake gangaren ba shi da yawa, baƙo yakan ɗauka ƙwallo za ta tafi a miƙe, alhali ciyawar ƙasashe masu zafi tana da kwanciya, kuma kwanciyar tana jan ƙwallo. Ya nuna mini cewa idan ciyawar ta yi sheƙi daga inda nake tsaye, to ta kwanta ne ta nufi rami, ƙwallo za ta yi gudu. Idan ta yi duhu, tana fuskantata ne, sai na ƙara ƙarfi. Ramin da faɗinsa inci 4 da kwata ne kacal ba ya yafe kuskuren rabin taku.

Batun gajarta kuma akwai abin da 'yan Arewa ke mantawa. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, Kaduna da Kano da Abuja ma kowace tana da ɗaruruwan mitoci, Ikoyi kuwa a bakin ruwa take. Iskar ƙasa-ƙasa ta fi kauri, saboda haka ƙwallo ba ta tafiya kamar yadda take yi a kan tudu. Mutane sukan ɗora laifin a kan laimar iska, amma tsayin ƙasa ne babban dalili. Sannan a Arewa da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri har ƙwallo ta yi ta gudu bayan ta sauka, a nan kuwa ko a Janairu raɓa na kwana a kan ciyawa, ƙwallo na sauka ta yi 'yan tsalle ta tsaya. Kafin mu kai rabin zagaye Malam ya riga ya ƙara mini sanda guda a kusan kowane bugu, kuma yadin da ke rubuce a kati ya daina yi mini kama da na gajeren fili.

A wurin hutawa na tsakiya na tayar da maganar 1981. A gasar Nigerian Open ta wannan shekara ce Peter Tupling, ɗan Ingila, ya buga 63 da 66 da 62 da 64, jimilla 255 a zagaye huɗu, wato bugu 29 ƙasa da ƙa'idar fili mai 71, adadin da a lokacin ba a taɓa yin ƙasa da shi ba a gasar ƙwararru mai rami 72. Wannan lamba ita ce sandar da ake dukan Ikoyi da ita har yau. Malam, wanda yana saurayi yana ɗaukar jaka a wancan zamani, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kai da ka tashi a burawun, ai bai kamata a ruɗe ka da wannan ba." Gaskiyarsa ne. A wancan lokaci babu girin na ciyawa a Ikoyi, burawun ne, wato yashi da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddaɓe. Duk wanda ya buga a kansa ya san halinsa: a kwance yake ba gangare, ƙwallo na sauka take tsayawa ko daga wace kusurwa ta zo, kuma kafin mutum ya tura ta rami sai an ja masa shara an lallashe layin da za ta bi. Gudun yashin iri ɗaya ne daga ramin farko har na ƙarshe. Ka ba ƙwararren da ke cin abinci da wannan wasa fili mai yadi dubu shida da 'yan kai, a tsakiyar rani, ka kuma ba shi wurin da ƙwallo ke tsayawa inda ta faɗi, to ka cire masa rabin tambayoyin da filin ke yi. Lambar Tupling shaida ce a kan burawun da kuma gwanintar mutumin a wannan mako. Da aka koma ciyawa, kusurwar shigowa ta samu nauyin da ba ta da shi a da, kuma itatuwan da suka ga wancan zamani sun ƙara fiye da shekara 40 na girma.

Masu kafa hujja da 255 ba su cika ambaton sauran sunayen da ke jikin wannan gasa ba. Lee Elder ya ci ta a 1971, shekara huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a Augusta. Sandy Lyle ɗan Sikotilan a nan ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978, daga baya ya ci Open ta Birtaniya a 1985 da Masters a 1988. Vijay Singh ɗan tsibirin Fiji ya ci ta a 1988 ya maimaita a 1989, kuma a 2004 shi ne na ɗaya a duniya. A lokacin sanyin Turai 'yan wasan can sukan biyo rana zuwa Afirka, su zaga Najeriya da Kwaddibuwa da Kenya da Zambiya da Zimbabuwe a jerin gasannin da ake kira Safari, kuma Legas na cikin manyan zangonsu. Yaran Obalende da ke ɗaukar musu jaka sun ga yadda gwanaye ke tunani daga kusa, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Najeriya ta wannan ƙofa ta ɗaukar jaka suka shigo.

Da hantsi ya ɗaga sai filin ya fito da makaminsa na biyu. Da sassafe ganye ko motsi ba ya yi, amma da ƙasa ta ɗumama iskar teku ta taso daga kudu maso yamma, kuma itatuwa suna ɓoye ta. A wani rami mai ƙa'idar bugu 3 na tsinki ciyawa na watsa sama, ta faɗo a ƙafata, na ce babu iska. Malam ya nuna mini kan wata kwakwa da ke bayan girin, ganyenta na kaɗawa, ya ce, "Ƙwallonka can za ta bi, ba nan ƙasa ba. Ƙara sanda, ka rage ƙarfi, kada ta tashi sama da itatuwa." A nan tarbiyyar burawun ta yi mini rana, domin bugun ƙasa-ƙasa shi muka fi sani. Yaya, wanda shekaru suka rage masa nisa, bai ma nemi girin ba. Ya ajiye ƙwallonsa a gaba ta gefen da babu yashi, ya tura ta kusa da rami, ya jefa, ya tashi da 3 kamar kowa. Wannan ita ce hanyar mai rauni da MacKenzie ke magana a kai, kuma na ga Yaya yana bin irinta rami bayan rami, ba ya burge kowa, ba ya kuma ɓatar da ƙwallo.

A dogayen ramuka masu ƙa'idar bugu 5 tambayar takan koma kan bugu na biyu. Mai ƙarfi yana iya kai wa girin a biyu, amma sai ya ratsa ƙofar da itatuwa suka matse; mai haƙuri yana ajiyewa baya, sai dai ko ajiyewar ma tana da gefen da ya dace da wanda bai dace ba. Matashin namu ya gwada sa'arsa a ɗaya ya dace, ya dawo da bugun da ya rasa da safe har da riba, kuma na ji daɗin hakan, domin filin da ba ya saka wa mai ƙarfin hali idan ya yi daidai, tsoro kawai yake koyarwa.

Akwai ƙorafin da masana tsarin filaye ke yi a kan itatuwa gaba ɗaya, kuma ba zan ce ba shi da tushe ba. Suna cewa gurbin yashi yana barin mutum ya nuna gwaninta ya fita, bishiya kuwa katanga ce, wanda ya faɗa bayanta ba shi da abin yi sai ya turo ƙwallo gefe. Kuma bishiya tana girma, ta yadda zaɓin da aka bar wa ɗan wasa shekara 50 da suka wuce yana iya rufewa ba tare da kowa ya yanke shawarar rufe shi ba. St Andrews kusan babu bishiya a cikinsa. Amma St Andrews yana da tuddan yashi da iskar Tekun Arewa, abin da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Ikoyi ba ta da shi. A wurin da ƙasa ba ta ba mai tsarawa tudu ko kwari ba, tsayin bishiya shi ne kaɗai abin da zai sa gefen dama ya bambanta da gefen hagu. Kuma abin da na gani shi ne yawancin manyan itatuwan rassansu a sama suke, ƙasansu a share, saboda haka wanda ya iya bugun ƙasa-ƙasa ko lanƙwasa ƙwallo yana da mafita. Na ga Malam ya tsuguna a bayan ƙwallon matashin nan, ya leƙa ta ƙarƙashin reshe, ya nuna masa wata 'yar taga tsakanin kututture biyu da ni ban gani ba sai da ƙwallon ta bi ta ciki. Banda wannan, duk wanda ya yi tafiyar awa huɗu a zafin Legas ba zai yi gaggawar neman a sare inuwa ba.

Mun kammala kafin Azahar. Da aka cire rangwamen handikaf na kowa, wato bugun da ake rage wa ɗan wasa gwargwadon rauninsa, Yaya ne ya cinye mu, mutumin da tun safe bai yi bugu ɗaya da za a ba da labarinsa ba, tsiren Obalende na daren ranar kuma ya faɗa a kan matashin, wanda ya fi mu nisa a kowane rami. A barandar kulob, bayan mun yi salla, yaron ya ɗauki katinsa yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa inda ya yi asara ba inda ya buga da muni ba ne, yawanci inda ya kai ƙwallo gefen da ba shi da ƙofa ne. Ya ce gobe zai bar direba a mota. Malam, da ya zo karɓar sallama, ya ce masa, "A'a, ɗana, kada ka bar ta. Akwai ramukan da ita suke nema, kai dai ka riƙa tambayar tuta kafin ka zaro ta."

Da na ce masa filin ya fi yadda ake ba da labarinsa, sai ya ce ai rabinsa na gani. Legas tana samun ruwan sama mafi yawa ne a watan Yuni, kuma a lokacin ƙasa takan jiƙe har ƙwallo ta nutse a inda ta sauka, ciyawar gefe ta yi kauri ta kama sanda, itatuwa su cika da ganye su ƙara matse ƙofofin. Bugun turawa a ƙasa da ya taimake ni yau ba zai yi aiki ba, dole sai an ɗaga ƙwallo ta sauka a kan girin, wanda a lokacin yake karɓarta ya riƙe. Gefen da muka guje wa da safe saboda yashi yana iya zama gefen da ya fi, tunda ƙwallo za ta tsaya ko an tsallako da ita, kuma a gajeren ramin nan mai bishiya a gwiwa, shi da kansa zai miƙa mini direba. Yaya ya ce in shirya dawowa bayan ruwa ya sauka sosai, in taho da takalmin da ba ya shan ruwa da safar hannu fiye da ɗaya, kuma mu fito daga Agege tun kafin lokacin da muka fito yau, domin da damina cunkoson gada yakan fara da wuri.